Rasuwar Alƙaliya, Tsohuwar Kwamfutar Gwajin Injekta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da suka rasa abin kamawa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da kanikawan layinmu, da direbobin manyan motoci, da masu tarakta da masu janareta, rasuwar tsohuwar kwamfutarmu ta gwajin injekta, wadda kowa ya fi sani da Alƙaliya. Ta cika ne da hantsi, a kan teburinta na kusurwar shago, tana tsakiyar aiki, ga famfon wata motar yashi a ɗaure yana jiran hukunci. Ta haura shekara talatin a duniya, wanda a lissafin kwamfutoci ya isa a ce ta ga tattaɓa-kunne. Limamin layinmu ya ja mini kunne cewa ba a yi wa ƙarfe addu'a, na kuwa ji. Sai dai bai ce kada a yi kewarsa ba.

Ina neman afuwar jama'a da wannan sanarwa ta makara. Marigayiya ta kwana biyu da rasuwa. Abin da ya hana ni fitowa in faɗa shi ne akwai mutum guda da na rasa bakin da zan gaya wa, wato mahaifina, kuma bai dace duniya ta ji kafin shi ba.

Ga wanda bai san ta ba, aikinta shari'a ce. Famfon injekta shi ke raba wa injin dizal mai, kowane silinda da rabonsa. In bakanike ya kwance famfo ya gyara, sai ya kawo mana. Mu ɗaure shi a kan injin gwaji, mu jona bututai, injin ya juya shi, ita kuma ta auna abin da kowane bututu ya zubar ta gwada da abin da ya kamata. In ya yi daidai, firinta ta yi ɗan gajeren kuka, ciii, ciii, takarda ta fito, mai famfo ya tafi yana baza riga. In bai yi ba, sai ta kama doguwar huɗuba, layi bayan layi, ciiiii-karrr, ciiiii-karrr, har mai walda na maƙwabta ya ɗaga tabarau ya leƙo ya ga wa aka kayar yau.

Marigayiya ba ta san sani ko sabo ba. Famfon attajiri da na mai motar haya duk ma'auni ɗaya take sa musu. Ba ta taɓa shiga intanet ba, ba ta san gulma ba, ba ta taɓa tsayar da aiki ta ce sai an sabunta ta ba, irin na 'yan yanzu. Kala biyu ta sani, kore a kan baƙi, kuma sun ishe ta. Tana da nawa, ban musa ba. In ka kunna ta da safe kana iya share shago ka sha shayi kafin ta gama miƙa. Amma in ta ce famfo ya yi, ka ɗaura shi ka yi doguwar tafiya hankali kwance. Akwai wani bakanike a layinmu da muke kira Sarkin Rantsuwa, wanda bai taɓa kawo famfo ba tare da ya rantse cewa wannan karon babu abin da za ta samu ba. Ba ta taɓa yi masa gardama ba. Takan bari ya gama, sannan ta fara huɗuba. Ya zage ta ba adadi, ya ce tsufa ya ruɗa ta, amma ko sau ɗaya bai kai aikinsa wani wuri ba.

Baba ne ya kawo ta shagon ina ɗan makaranta, ita da injin gwajin, a cikin akwatunan katako da muka daɗe muna zama a kansu. Ni ne ɗansa na fari. Masu irin wannan matsayi sun san abin da nake nufi. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, bai kuma taɓa dubana ya ce yi kaza ba. A gida ƙanwata ce 'yar aike tsakaninmu, har ta yi aure ta bar mu muna kallon bango. A shago kuwa Alƙaliya ce. Ina tsaye kusa da shi, in na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarsa, sai ya juya wajenta ya ce, "Alƙaliya, ki gaya wa mutumin nan bututu na uku yana ɗiga." Ni kuma in ɗauki sifana in ɗaure, in ce, "Alƙaliya, ki ce wa Baba an ɗaure." Baƙo in ya gani dariya yake yi. Mu kuwa a haka aka yi shawarar aurena, a haka ya danƙa mini shagon, a haka muka yi wa juna ta'aziyyar Inna.

Abin yana da ƙa'ida, ko da yake ba wanda ya taɓa zama ya tsara ta. In ya ce "ki gaya masa", saƙon nawa ne. In bai ce ba, hirarsu ce shi da ita, sai in toshe kunne in ci gaba da abin da nake yi. Akwai maganganun da tsoho kan faɗa wa abokiyar aikinsa waɗanda ba na kunnen ɗa ba ne, kuma na girma ina kiyaye wannan iyaka.

Tun da Inna ta rasu, idanunsa kuma suka yi rauni har ba ya rarrabe fuska, Baba ba ya zuwa ko'ina sai masallaci sai shago. Kullum da safe nakan same shi a ƙofar ɗakinsa da hula a kai, in goyo shi a babur, in zaunar da shi a kujerarsa gefen marigayiya. Sai ya ɗora tafin hannu a kanta ya saurara. Fanka ta fara, fuuu. Sai ƙara guda, tit. Sai bakin da ake zura mata faifai ya yi gyaran murya, gurr, gurr, ƙas, ƙas. Sai rumbun ajiyarta na ciki ya kama juyi, zuuu, har yamma. Daga nan sai ya ce bismillah, a ɗaura famfon farko. Ranar da shago yake rufe, Baba ba ya sauya riga, abinci ma sai dai ya taɓa ya ture. Uwargidana ta taɓa ce mini, "Ka riƙe tsohuwar nan da kyau, ita ke riƙe da tsohon nan." Ni kuwa na riga ta sani.

Wanda ya yi tsawon rai shi ke binne nasa. Marigayiya ta ga mutuwar danginta ɗaya bayan ɗaya. Allonta mai ƙaton ƙeya ne ya fara tafiya, ya yi ta dusashewa har rubutu ya koma kamar ana hango shi ta cikin ruwa. Sai faya-fayan nan masu kusurwa huɗu, waɗanda ma'aunin kowane irin famfo ke cikinsu, suka fara ruɓewa a durowa. Sai bakin da ke karanta su ya daina karɓa. Na zaga kasuwa ina neman irinsa, wani mai shago ya ce in gwada gidan tarihi. Firinta ta bi baya, haƙoranta suka zube, ribon ɗinta na tawada ma ya ɓace daga duniya. Ita kuwa Alƙaliya mai zumunci ce har ya yi yawa. Kullum da safe sai ta kira faifai, in bai amsa ba ta tsaya cik, ba gaba ba baya. Ba ta kuma yanke hukunci sai firinta ta ce ta shirya. Ga lafiyarta ƙalau, ga basirarta garau, amma ta ƙi aiki saboda ba ta ji muryar 'yan'uwanta ba.

A nan ne Allah ya haɗa ta da mijin ƙanwata, mai gyaran kwamfuta, wanda muke kira Likita. Ya zo ya duba ta, ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "Yaya, ba sai an samo mata irinsu ba. Ita ba ganinsu take yi ba, kira take yi a amsa. Mu samo mata masu amsawa."

Ya kawo wani ɗan akwati da bai fi sabulu ba, ya zura shi a gurbin bakin faifai, ya soka masa filas. In ta kira faifai, ɗan akwatin ya ce na'am da tsohon yarensu, ya miƙa mata abin da ta nema. Duk abin da ya cika durowa ya shige cikin filas ɗin da bai kai ɗan yatsa ba. Ya kawo wani ya jona a wayar firinta. In ta tambaya, wannan ya ce shi ne firinta, ya shirya, ya karɓe huɗubar tsaf ya miƙa wa sabuwar firinta a ofis. Da rumbun ciki ya fara tari, Likita ya kwashe hankalinta kaf ya zuba a wani ɗan memori irin na kyamara, ya sa masa rigar rumbu. Allo ma aka samo sabo, siriri, aka haɗa su da tafinta a tsakani. Muka mayar da ita tamkar tsohuwar da 'ya'yanta suka rasu ana ɓoye mata, in ta kira wane sai wani jika ya sauya murya ya amsa daga zaure. Ta kuwa yarda. Ba ta taɓa tambayar me ya sa faifai ya daina ɓata lokaci ba. Da wannan dabara ta ƙara shekaru masu albarka, kuma iyalan marigayiya ba za su manta da alherin Likita ba.

Aibin 'ya'yan riƙon nan guda ne, ba su da murya. Aiki suke yi shiru, sai 'yar fitila mai ƙyaftawa. Baba kuwa ce masa aka yi an kai kayan gyara an dawo da su, don ba wanda ya iya gaya masa cewa firintar da ya saya da hannunsa tana bayan shago kaji na hawa. Safiyar farko ya zauna, ya ɗora hannu, ya saurara. Fanka ta yi fuuu, aka ji tit, daga nan babu komai. Aka gwada famfo, hukunci ya fito a ofis, shi bai ji ko an ci ko an faɗi ba. Ya ce, "Alƙaliya, ki tambayi mutumin nan, wa ya yanke miki harshe?" A ranar, kafin azahar, ya ce a mai da shi gida, washegari kuma na same shi kwance ba hula.

Na je wa Likita hankali tashe. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya nemo muryoyin irin waɗannan tsofaffin na'urori, muka zauna ni da shi muna tacewa, ina cewa wannan ya yi kauri, wancan ya yi sauri. Ya ɗaura wata 'yar sifika a bayan tebur. In ta kira faifai, sifika ta yi gurr, gurr, ƙas, ƙas. In hukunci gajere ne ta yi gajeren kuka, in dogo ne ta ja huɗuba. Ya kuma sa zuuu ɗin rumbu yana tafiya ba tsayawa daga safe har yamma. Da yake kunnen Baba ya fara nauyi, muka ƙara sauti sosai. Na lallaɓa na kawo shi. Ya saurara, sannan ya shafa kanta ya ce, "Alƙaliya, sannu da dawowa." Na shiga ofis na rufe ƙofa don kada kanikawa su ga idona.

Ciwon ajalinta ya shigo ne ta inda ba mu duba ba. A duk jikinta abu biyu ne suka rage na asali masu muhimmanci, fankar da ke sanyaya ta, da wani dogon kati a cikinta wanda shi ke haɗa ta da injin gwaji. Tururin dizal da ƙurar shago suka taru a fankar suka zama kwaɓi, ta yi ta ja da ƙyar, wata rana ta tsaya. Ban san ranar ba. Da a da ne, shirun kaɗai ya isa ya tsayar da kowa a shagon. Amma ga zuuu ɗinmu na aro yana ta tashi da ƙarfi, lafiya lau, ya rufe komai. Mu da hannunmu muka sa wa mara lafiya muryar mai lafiya.

Baba ya ji a tafin hannunsa. Wata safiya ya ce, "Alƙaliya, yau jikinki da zafi." Bayan 'yan kwanaki ya sake cewa, "Har yanzu zazzaɓin nan bai sauka ba?" Da kunnena na ji, ina tsugune ina wanke bututu. Amma bai ce "ki gaya masa" ba. Na ɗauka irin hirarsu ce ta tsofaffi, yana faɗin ciwon jikinsa ne ta bakinta, kamar yadda ya saba in gwiwa ta dame shi. Sai na sunkuyar da kai na yi ladabi, na ci gaba da wanke bututu.

Ranar da abin ya faru Baba ba ya nan, ƙanwata ta kai shi ganin likitan ido. Muna cikin gwajin famfon motar yashi sai lambobi suka fara rawa a allo. Bututu guda ya nuna ya zubar da man da ko bokiti ba zai ɗauka ba. Sai wari ya taso, irin na robar da ta ƙone. Rubutun ya daskare, ya yi fari, ya ɗauke. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, ko tit ba ta ce ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sifikar nan ba ta san an yi mutuwa ba. Tana ta zuuu abinta a bayan tebur, mu kuma muna tsaye a kan gawa.

Likita ya zo da gudu ya buɗe ta. Ya taɓa fanka da yatsa, ta ƙi motsi. Ya zaro dogon katin, tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin ta kumbura. Na ce masa ya samo mai amsawa, kamar sauran. Ya girgiza kai ya ce, "Yaya, sauran duk 'yan amsa kira ne. Wannan shi kaɗai ke jin yaren injin. Ba ni da wanda zai yi shigarsa."

Ba a bar ta don rashin nema ba, ina so jama'a su shaida. Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa, lambar wayarsa ma wani mai sayar da tayoyi ke amsawa. Mun bi masu tsofaffin kaya rumfa rumfa. Likita ya yi cigiya har ƙasashen da ban san da su ba. An samu wani kati mai kama da shi, muka yi ta murna, ya iso ashe na wani injin ne daban. Ya ɗauki memorin da hankalinta ke ciki ya sa a sabuwar kwamfuta, ya ce wa sabuwar ta yi shigar tsohuwa. Ta kuwa yi. Rubutun kore ya fito, gaisuwar safiya ta fito, har gabana ya faɗi. Amma da ta kira injin gwaji, ba hanyar da kiran zai bi, injin yana tsaye kamar ba da shi ake ba. Na tambayi farashin sabon injin gwaji na zamani, aka faɗa mini sau ɗaya, ban nemi a maimaita ba. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Marigayiya ta rasu ta bar abokin zamanta, injin gwaji, da ƙarfinsa da lafiyarsa, yana iya juya famfo har gobe amma ba mai karanta abin da ya gani. Ta bar 'ya'yan riƙo, ƙananan akwatunan nan, waɗanda har yanzu in an ba su wuta sai su kunna fitila suna jiran a kira su. Ta bar durowa guda ta ruɓaɓɓun faya-fayai da ba wanda ya iya zubarwa. Ta bar kanikawa da dama da za su koma gyara da kunne da kintace, ko su yi doguwar tafiya neman wani alƙalin. Ta bar Sarkin Rantsuwa, wanda da ya ji labari ya zauna a kan tsohuwar taya ya ce yanzu ko ya yi aiki mai kyau wa zai gaya masa. Ta bar ni. Ta kuma bar Baba, wanda a lokacin bai sani ba.

Ga dalilin makarar sanarwa. Da na tuna ranar da na same shi kwance ba hula, sai na kasa. Na roƙi Likita ya sa wa sifika maɓalli, in na danna ta yi gaisuwar safiya, in na sake dannawa ta yi kukan firinta. Da yake gawa sanyi take yi, Baba kuma da hannu yake gaisawa, sai na sa kwan fitila a cikinta yana ɗumama ƙarfen. Masu kawo aiki ina tare su a bakin ƙofa, in yi musu raɗa su juya. Sarkin Rantsuwa ya ɗauki nauyin zuwa kullum da wani tsohon famfo guda, mu ɗaura, injin ya juya, in danna maɓalli. Sai dai a gaggauce Likita gajeren kuka kawai ya sa, na wanda ya ci. Ana nan sai Baba ya ce, "Alƙaliya, ko kin fara karɓar na goro ne? Mutumin da bai taɓa wucewa a karon farko ba, yanzu kullum shi ne gwani." Sarkin Rantsuwa ya buɗe baki zai rantse, ya dube ni, ya rufe. Tun da na san shi ban taɓa ganin rantsuwa ta maƙale masa ba sai ranar.

Kullum da niyyar faɗa nake fitowa daga gida. In tsaya, in ce, "Alƙaliya, ki ce wa Baba," sai maganar ta tsaya a nan. Ta yaya ake aiken mamaci da labarin mutuwarsa? In juya in faɗa masa kai tsaye kuwa, ban san ta inda ake farawa ba. Na yi furfura a gemu, ina da 'ya'yan da suka isa aure, amma ban taɓa yi ba. Sai in ƙarasa da cewa ta ce masa shayi ya iso.

Yau da safe na zaunar da shi kamar kullum. Ya ɗora hannu, na danna maɓalli, gurr, gurr, ƙas, ƙas, zuuu. Bai ce bismillah ba. Ya matsar da tafinsa gaba, ya mai da shi baya, sannan ya ce, "Alƙaliya, ki gaya wa mutumin nan ya kashe kwan fitilar nan kada ya ƙona mana shago. Ke zafinki ta baya yake, shi kuma ta gaba ya sa."

Na tsaya da sifana a hannu.

Ya ce, "Ki ce masa muryar ma ya hutar da ita. Tun ranar da aka ɗora miki na san ta aro ce. Firintata takan yi ɗan tuntuɓe in ta kai ƙarshen layi, wannan kuwa ba ta taɓa yi ba. Na ga ya sha wahala ne, na ce bari in karɓa."

Na miƙa hannu bayan tebur na zare waya. Shagon ya yi tsit, har ana jin ƙarar walda daga maƙwabta.

Ya ce, "Ki kuma gaya masa, ranar da na ce jikinki da zafi, ni ne ban ce ki faɗa masa ba. Kada ya ɗora wa kansa."

Hannunsa na kan ƙarfen da ya fara hucewa. Can sai ya ce, a hankali, "To ke kin tafi. Ni yanzu wa zan aika?"

Wannan karon bai ce "ki gaya masa" ba. Ban san ko saƙo ne ko hirarsu ce ba. Na san irin wannan ladabin nawa ne ya kashe ta, na san amsar da ta kamata, kalma ce da ba ta fi a ce "ga ni, Baba" ba. Na buɗe baki kamar yaron da aka tsayar gaban aji. Abin da ya fito shi ne, "Alƙaliya, ki ce wa Baba gobe ma zan zo ɗaukarsa." Ya laluba sandarsa, na kawo babur.

Game da jana'iza, ga abin da iyalai suka tsayar. An riga an yi wa marigayiya wanka da tsumma da ɗan fetur, an cire kwan fitilar, an mai da katinta inda yake, an rufe ta da mayafin da Inna ta ɗinka mata tun tana sabuwa. Da an shirya miƙa ta ga masu sayen tsohon ƙarfe, amma an fasa. Muna roƙonsu in sun zo wucewa su wuce, kada su yi sallama. Gawar za ta ci gaba da zama a kan teburinta na kusurwa, kujerar Baba a gefenta, kuma ba a sa ranar ɗauke ta ba. Masu famfo su yi haƙuri su nemi wani wurin, ba za mu riƙe kowa a zuci ba. Wanda Allah ya sa yana da irin wannan dogon kati a cikin tarkacen gidansa, ko da mataccen ne, ya taimaka ya kawo Likita ya gani.

Za a yi zaman makoki a shagon, daga buɗewar safe zuwa azahar. Gobe zan tsaya da babur a ƙofar ɗakin Baba kamar yadda na aika a gaya masa, ban dai san ko zan same shi da hula a kai ba. In an zo an tarar da shago a rufe, a yi mana uzuri, a kuma sa mu a addu'a, mu dai ba ƙarfe ba ne. In kuwa an tarar da mu biyu a zaune, ita a tsakaninmu a lulluɓe, ba mai cewa komai, kada a ji nauyi. A shigo a gaida marigayiya, a yi mata ta'aziyyar, a ce ta gaya mana. Za mu ji.